Yadda Mai Gaskiya Zai Ƙaryata Kansa da Imel

Maƙaryaci ba ya buƙatar wannan darasi, yana da malamansa. Na rubuta shi ne don mai gaskiya, irin wanda ba ya taɓa kayan kowa, ba ya makara wurin aiki, kuma yake so duniya ta san haka. In kai ne, gyara zama. Alkawarina ɗaya ne: ka bi matakan nan yadda na jera su, to komai ƙarfin gaskiyarka za ka tsaya gaban kwamiti riƙe da ita a hannu, a dube ka a ga ɗan damfara. Hanyar ba ta ƙin aiki. A kaina na gwada ta.

Na daɗe ina kula da sito a wani kamfani da ke rarraba daskararren kifi da kaji. Baban Sito ake kirana. Ban yi dogon karatu ba, abin da na iya ni na koya wa kaina, har da kwamfuta, kuma ka san wanda ya koya wa kansa abu ba ya yarda akwai shafin da ya tsallake. Makullan sito da na ɗakin sanyi sun fara rataya a ƙuguna tun kafin furfura ta same ni. Su ne abin da za mu yi ƙoƙarin rasawa.

Mataki na 1: Raina duk abin da ba a riƙe shi a hannu

Daga nan ake farawa. Ka tabbatar wa kanka cewa imel iska ne. Yau ka gan shi a allon kwamfuta, gobe wuta ta ɗauke, ina yake? Takarda kuwa tana da nauyi, tana da gefe, ana iya buga ta a kan tebur lokacin gardama. Ka riƙa faɗin haka a gaban ƙananan ma'aikata da muryar wanda ya ga duniya. Idan wani ya buɗe baki zai yi maka bayani, tambaye shi shekarunsa nawa. Bayani ya ƙare.

Mataki na 2: Buga, danna hatimi, adana, goge

Duk imel ɗin da ya shigo ko ya fita, tura shi firinta. Ɗauko takardar da ɗuminta, danna mata hatimin sito, sa hannu a kan hatimin, huda ta, zura ta a fayil. Fayil mai kauri nake nufi, mai baƙin bango, wanda ke yin ƙara idan an rufe shi.

Sannan ka koma kwamfuta ka goge asalin. A nan ragwaye ke tsayawa, kai kada ka tsaya. Akwai wani kwando da saƙon da aka goge ke faɗawa, shiga ka zazzage shi. Kwamfutar za ta tambaye ka ko ka tabbata. Ka ji haushin tambayar. Tun yaushe na'ura ta fara tambayar dattijo ko ya tabbata?

Dalilina na ɗabi'a ne, ba na fasaha ba. Mutumin da akwatin saƙonsa ke cike da tarkace, a ganina haka ɗakin kwanansa yake, haka ma zuciyarsa. Nawa akwatin kullum fes yake kamar farantin da aka wanke. Nakan juyo da allon ta wajen ƙofa don masu wucewa su gani su yi koyi. Ba wanda ya yi koyi, kuma dukansu suna nan a kan kujerunsu har yau.

Mataki na 3: Faɗi gaskiya a kan lokaci

Wannan wajibi ne. Wanda ba shi da gaskiya ba shi da abin lalatawa.

Injin ɗakin sanyinmu ya fara wani irin kuka, ya yi tari, ya tsaya, ya sake tashi. Na kira makanikin da ke duba mana shi. Ya kwanta a ƙasa ya saurara, ya taso yana goge hannu da tsumma.

"Baba, wannan jinya yake. Ku canja masa kwamfuresa tun bai ba ku kunya ba."

"Zai kai ƙarshen wata?"

"In ya kai, kira ni in zo in ba shi haƙuri."

A ranar na zauna na rubuta wa manaja imel. Na faɗi abin da makaniki ya ce, na nemi izinin sayen sabon kwamfuresa, wato zuciyar injin, na tura. Na buga, na danna hatimi, na adana, na goge.

Ofishin manaja a saman kaina yake, matakala ce kawai tsakaninmu. Kada ka hau ta. Kada ka tare shi a wurin ajiye motoci ka ce, "Ranka ya daɗe, ka ga saƙona?" Bin mutum da tuni aikin masu neman suna ne. Kai ka rubuta, ka sauke nauyi. Jira amsa da mutuncinka.

Amsa ba ta zo ba. Injin ya mutu a wani dogon hutun ƙarshen mako, ba kowa a wurin. Ran da muka dawo, tun daga bakin get muka san labari. Direbobi sun ɗaure hanci da hankici, ruwan kifi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa har harabar lodi. Kaya cike da ɗaki, ko kwali ɗaya bai tsira ba.

Mataki na 4: Yanzu hau matakalar, da fayil a hammata

Tunda komai ya riga ya ruɓe, lokacin ganin manaja ya yi. Ka shiga da fuskar wanda ya zo karɓar lambar yabo.

Manajanmu mutum ne mai laushin murya. Ba ya faɗa, shi ya sa ba a cin nasara a kansa. Na same shi da kofin shayi a gaba.

"Baban Sito, hedikwata sun kira. Suna tambayar wa ya san injin na da matsala ya yi shiru."

Na buɗe fayil, na juya masa, na ɗora yatsa a kan hatimi. Ya karanta har ƙasa, ya ɗago kai.

"Ban taɓa ganin wannan ba."

"Ranka ya daɗe, ga kwanan wata, ga sunanka, ga hatimi."

"Hatimin wa?"

"Nawa."

"Sa hannun fa?"

"Shi ma nawa."

"Baba, ban ce ƙarya kake ba. Amma wannan takarda ce. Ni ma sai in buga irinta kafin shayin nan ya huce, in sa mata ranar da aka haife ni. Buɗe akwatinka ka nuna mini inda saƙon ya fita, magana ta ƙare."

A nan ka ɗaga kai ka sanar da shi cewa kai ba ka tara shara a akwatinka. Ka faɗa da alfahari, har ka ɗan leƙa allonsa don ya san kana ganin nasa. Shi kuwa sai ya kurɓi shayi ya ce hedikwata za su turo mai bincike, kuma wanda aka samu da sakaci zai ajiye abin da ke hannunsa. Da ya faɗi haka, ƙuguna ya kalla.

Mataki na 5: Gyara hujjarka

Wannan shi ne zuciyar darasin. Wanda ya tsallake shi yana iya tsira, kuma ba don tsira muka taru ba.

Na koma gida da fayil ɗin. Matata tana guga a falo, da ta ga fuskata sai ta kashe dutsen guga. Na kwashe labari na ba ta.

"To ka gaya musu yadda aka yi mana, Malam. Ka ce ka tura, ka goge."

"Su ce me? Dattijo ya goge hujjarsa da hannunsa?"

"Ba haka aka yi ba?"

Idan matarka ta yi maka irin wannan tambaya, tuna mata cewa harkar ofis daban take da harkar gida. Sannan ka yi tunani irin na mai sito. Kwali ya faɗo daga kantar sito, ka ɗauka ka mayar da shi wurinsa, wa zai ce ka yi laifi? Saƙo ya ɓace daga akwati, sai a mayar da shi akwati.

Na shimfiɗa takardar a kan tebur, na ɗauko wayata, na kwafe saƙon kalma bayan kalma. A sama na rubuta tsohon kwanan watan da manyan baƙaƙe, don kada wani ya rikice.

Da na kai ƙarshe sai na ga rubutun ya yi sanyi da yawa, bai nuna girman haɗarin ba. Na ƙara jimla ɗaya: "Idan ba a gyara ba, duk kayan da ke ciki za su ruɓe, kuma ba da hannuna ba." Ai abin da ke zuciyata ke nan tun ranar farko, rubutawa ce kawai ban yi ba. Mai gaskiya yana da damar ƙara wa gaskiyarsa gishiri, tunda tasa ce.

"Wa za ka tura wa?" in ji matata.

"Wanda na tura wa da farko."

"Manajan?"

"In na canja adireshi ai na yi maguɗi."

Ta yi mini kallon da take yi wa rigar da ta ƙone ta san ba ta gyaruwa, ta kunna dutsen gugarta.

Washegari manaja, wanda bai taɓa amsa imel ɗina ba tunda muke, ya amsa: "Ya iso, Baba. Na gode."

Mataki na 6: Yi wa mai bincike wa'azi

Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Aka ba ta ɗakin taro, aka kai mata kwamfuta. Kafin ta tambaye ka komai, yi mata jawabi kan amana, da yadda ta yi ƙaranci a wannan zamani, da shekarun da ka yi ko wutsiyar kifi ba ta ɓace a hannunka ba. Ta bar ni har na gama.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Buɗe mini akwatinka."

Na buɗe. A cikin saƙonnin da suka fita guda ɗaya ne tak, yana zaune shi kaɗai kamar baƙon da ya riga kowa zuwa. Na nuna mata kwanan watan da na rubuta a sama. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta danna wani wuri a gefe da ban taɓa sanin ana dannawa ba, sai allon ya cika da ƙananan rubutu, layi kan layi, lambobi da baƙaƙe a cakuɗe.

"Wannan kuma mene ne?"

"Bayan saƙon ne. Mu metadata muke ce masa. Abin da ke cikin saƙo naka ne, kana iya rubuta cewa tun zamanin kakanka ka tura shi. Wannan kuwa na'urorin da saƙon ya bi ta kansu ne ke rubutawa. Kowace ta sa lokacin da ya iso mata da inda ya fito, kuma ba sa neman shawararka. Firinta ba ta buga shi, shi ya sa takardarka ba ta da shi."

"To me ya ce?"

"Ya ce daga wayarka saƙon ya fita, ba daga kwamfutar sito ba. Ya ce kuma bayan an kwashe ruɓaɓɓen kifin ne." Ta jawo takardata mai hatimi ta ajiye kusa da allon. "Sannan wannan jimlar ta ƙarshe babu ita a nan. Wanne ne na gaskiyar?"

"Duka biyun."

Ta sunkuya ta yi rubutu. Ban taɓa ganin gajeriyar amsa da ta ci dogon rubutu haka ba.

Tsaya ka dubi ci gaban da ka samu. Da safe kai mutum ne da ya rasa hujja, abin tausayi. Yanzu kai mutum ne da ya ƙirƙiri hujja. Ba kowa ke yin wannan tafiya kafin azahar ba.

Mataki na 7: Kira shaida

Makaniki ya zo da rigar aikinsa, ya zauna a bakin kujera. Mutumin kirki ne, ya zo ya cece ni.

"Na rantse na faɗa. Na ce injin jinya yake."

"Wa ka faɗa wa?"

"Baba."

"Manaja fa?"

"Ni ina zan ga manaja, ranki ya daɗe?"

Yanzu an tabbatar a rubuce cewa akwai mutum ɗaya da lalle ya san injin zai mutu. Gode wa shaidarka, raka shi har bakin ƙofa.

Mataki na 8: Yi murna da wuri

Da na ga ƙasa ta ƙare mini, sai na faɗa mata abin da matata ta ce in faɗa tun farko: na tura, na buga, na goge. Na kuma ƙara da cewa na sake rubutawa. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Da da wannan ka fara, da tuni mun tashi. Bari in duba. Babbar kwamfutar kamfani tana riƙe da rajistar duk saƙon da ya ratsa ta cikinta. Cikin saƙon da aka goge ba ya daɗewa a can, naka ya riga ya tafi. Amma wa ya tura, wa aka tura wa, yaushe, da kan saƙon, waɗannan suna nan."

Fita daga ɗakin kana taku ɗaiɗai. Gaya wa direbobi cewa gaskiya ta kusa bayyana, su shirya jin kunya a madadin wasu. Kira matarka ka ce ta kwantar da hankalinta. Kada ka saurari amsarta.

Mataki na 9: Sa wa kowane saƙo kai iri ɗaya

Wannan matakin tun shekarun baya ya kamata ka fara shi. Na ajiye shi nan ne saboda a nan na gane ina yin sa.

Kan saƙo shi ne ɗan layin sama da ake faɗin abin da saƙon ya ƙunsa. Wani sai ya rubuta, "Injin ɗakin sanyi zai mutu." Wannan gaggawa ce, kuma yi wa na gaba gaggawa rashin tarbiyya ne. Ni duk abin da zan aika sama, kansa ɗaya ne: Nasiha.

Kwamiti ya zauna: mai bincike, da manaja, da wani babba daga hedikwata da ke ta duba agogonsa. Aka haska rajistar a bango. Daga Baban Sito, zuwa manaja, Nasiha. Ƙasa da shi, Nasiha. Ƙasa da wannan, Nasiha. Mai bincike tana ta gangarawa, kwanakin wata na sauyawa, bangon bai sauya ba. Babban hedikwata ya daina duba agogo.

Ta tsaya a ranar da makaniki ya zo ya duba injin. Ga shi nan, daga kwamfutar sito, zuwa manaja, a ranar da na ce. Na miƙe tsaye.

"Zauna, Baba. Ya tabbata ka tura wani abu a ranar. Bai tabbata mene ne ba."

Manaja ya gyara murya ya juya wajen babban. "Ranka ya daɗe, na farko-farkon na karanta su. Ɗaya kan masu barin kofuna a wurin wanke hannu ne. Ɗaya kan direban da ke yin fito a harabar lodi. Ɗaya kan tsawon gashin mai gadi. Daga nan in na ga Nasiha sai in goge ban buɗe ba. Kuskure ne, na karɓa."

Dubi yadda ake karɓar laifi: ƙarami, da wuri, da murya mai laushi. Kai kada ka yi haka.

Na ce, "Maganar gashin mai gadi dai gaskiya ce."

Tabbatar ka faɗi irin wannan. Yana taimaka wa kwamiti wajen yanke hukunci.

Mataki na 10: Kwance makullan da kanka

Hukunci bai yi tsawo ba. Manaja ya samu takardar gargaɗi kan rashin buɗe saƙo. Ni kuwa ba a tabbatar na yi sakaci ba, ba a kuma tabbatar ban yi ba. Abu ɗaya ne ya tabbata babu tantama, da ranarsa da sa'arsa da wayar da aka yi shi: na sake rubuta saƙo na ɗora masa tsohon kwanan wata. Albarkacin shekaruna ba a kore ni ba. An mayar da ni wani ƙaramin tebur a bakin get, ina rubuta lambobin motocin da ke shiga da fita.

Kada ka bari wani ya cire maka makullan. Zoben makullan nawa ya yi tsauri, sai da na sa farce, ana kallona. Na ajiye su a kan tebur gaban mataimakina. Ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya kasa haɗa ido da ni.

A baranda mai bincike ta tarar da ni, jakarta a kafaɗa.

"Baba, ni a raina na yarda ka tura. Amma rahoto ba shi da layin da ake rubuta abin da ke raina."

"To me ya kamata in yi, 'yata?"

"Ba komai. Da ka bar saƙon inda yake."

Na yi shekaru ina gaya wa mutane abin da ya kamata su yi, kuma ban taɓa ba wa kowa shawara mai arha haka ba.

A gida matata ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ba ta ce ta faɗa mini ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki rigata ta shinshina, ta ce, "To, Malam, ko ba komai ka daina dawo mini da ƙarnin kifi."

Sanarwa

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya samu abin da na yi alkawari, shi ya jawo wa kansa. Ba ruwana da makullansa, ko kujerarsa, ko kallon da iyalinsa za su yi masa. Ba ruwan firinta, ita abin da aka ba ta take bugawa. Wanda ya bi su ya tsira, ya sake dubawa, akwai matakin da ya yi wa ha'inci. Mai ƙorafi kuwa ya same ni a bakin get, teburi na hannun dama in ka shigo. Kada ka turo imel, ba a ba ni kwamfuta ba. Ka zo da ƙafarka, ka faɗa mini da bakinka, ka tsaya har ka ga na ji.